Amsa ga ɗan'uwan da ke son sayen mota mai giyar kuloci biyu a Makka

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, wallahi da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, domin kamar ni ne na rubuta ta shekara uku da suka wuce. Ka ce ka ga mota ta hannu a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet a Saudiyya, kuɗinta ya yi maka daidai, amma an ce giyarta mai kuloci biyu ce, DCT ɗin nan, kana tambaya ka saya ko ka ƙara haƙuri ka nemi otomatik ta da, tunda kullum daga Shari' Mansur kake fita zuwa aiki Jidda. To ni dai indai shawarata za ka ji, ka nemi otomatik ta da, bari in gaya maka abin da ya same ni.

Ba zan faɗi sunan motar ba, haka wanda ya haɗa ni da ita. Ɗan garinmu ne, tare muke sallah, yana dillanci a ma'arad, wato kasuwar motoci. Na tambaye shi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, na ce giya fa? Ya ce otomatik ce lafiya lau, ko ɗigon mai ba ta yi. Bai taɓa ce min ai irin mai kuloci biyun ce ba, kuma busasshiya wadda kulocinta ba ya cikin mai, kuma ya sani, wallahi ya sani, don daga baya mai warsha, wato gareji, ya nuna min an taɓa buɗe giyar an goge lambobin matsala da kwamfuta kafin a kai ta kasuwa. Abin da ya fi min ciwo kenan har yau. Da Balarabe ne ko ɗan wata ƙasa da ban sani ba sai in ce kasuwa ce, amma mutumin da ya ci tuwo a ɗakina, ya ɗauki ɗana ranar suna.

Watanni na farko ban ga komai ba. A kan babban titin Makka zuwa Jidda motar nan daɗi gare ta, giya na shiga ba ka ma ji, mai kuma ba ta sha sosai, wannan gaskiya ne ba zan ɓoye ba. Sai a cunkoso take ɗan karkarwa in za ta tashi daga giya ta ɗaya zuwa ta biyu, na kira shi ya ce haka irinsu suke.

Ranar da ba zan manta ba, Hajiya mahaifiyata ta zo Umra, bayan ta gama ta ce tana son ganin Ɗa'if. Muka kama hanyar Hada da la'asar, ni da ita da iyali da yara biyu. Kun san hawan nan, lanƙwasa bayan lanƙwasa, gari yana can sama wajen mita 1,800. Sai muka tarar da cunkoso a tsakiyar hawa, a matsa taku biyu a tsaya, a matsa a tsaya, kusan minti arba'in. Sai wari ya fara shigowa kamar ana ƙona roba, fitila ta kama a gabana wai giya ta yi zafi in tsaya. Ina zan tsaya? Gefe dutse, gefe rami. Na taka totur inji na ihu mota ba ta motsi, na ɗaga ƙafa daga birki sai ta fara komawa baya, na bayana yana ta hon. Hajiya ta riƙe kujera tana Innalillahi, ƙaramar 'yata na kuka. Da ƙyar wasu bayin Allah suka taimaka muka tura ta wani ɗan fili. Muka zauna nan har bayan magariba muna jiran satha, motar ɗaukar motar da ta lalace, tsohuwa mai ciwon ƙafa a zaune bakin titi a kan dardumar sallah. Na kira dillalin nan ya fi sau goma bai ɗaga ba. Da ya ɗaga washegari cewa ya yi ni ne ban iya tuƙi ba. Har yau in mun haɗu a masallaci muna gaisawa, amma zuciyata ba ta sake ba, Allah Ya yafe mana baki ɗaya.

A sina'iyya, unguwar gareji-gareji, wani makanike ya zaunar da ni ya min bayani. Otomatik ta da, tsakanin inji da giya mai ne ke ɗaukar ƙarfin, akwai wani abu kamar ƙwarya biyu a kife da mai a ciki, shi ya sa ko awa za ka yi kana jan ƙafa a cunkoson Ramadan ba faifan da ke gogewa. Ita kuwa DCT asalinta giyar hannu ce guda biyu a akwati ɗaya, kuloci ɗaya na riƙe da 1, 3, 5, 7, ɗayan na riƙe da 2, 4, 6, kwamfuta ce ke taka maka kulocin. To ka tuna yadda kulocin giyar hannu ke ƙonewa in ka riƙe shi rabi a kan tudu, haka take yi, sai dai kai ba ka sani ba. Kuma iri biyu ce, akwai jiƙaƙƙiya wadda kulocinta ke cikin mai yana sanyaya shi, akwai busasshiya wadda iska kawai ta dogara da ita. Iskar Makka kuwa a watan Yuli da zafi ke wuce 45, me za ta sanyaya?

Ba wai ƙirar banza ba ce fa. Volkswagen ne suka fara sa ta a motocin kasuwa a 2003 da sunan DSG, Porsche ma na da tasu PDK, masu gudu na yabonta. Amma ka bincika labarin PowerShift ta Ford a Focus da Fiesta, busasshiya ce, har kotu aka je a Amurka saboda karkarwa. Kuma BMW da kansu a M3 ta 2021 sun bar DCT sun koma otomatik mai giya 8, don otomatik na yanzu sun yi sauri, bambancin shan man ma ya ragu. Litar fetur mai lamba 91 riyal 2.18 ce, ka lissafa abin da za ka rage a wata, sannan ka tambayi kuɗin kuloci da mekatronik, wato na'urar da ke sarrafa giyar, a wakala, wajen wakilin kamfanin motar. Ni sai tashlih na je, inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci, kayan farko da aka ɗaura min bai yi wata biyu ba, ga kuɗin makarantar yara ga sabunta iƙama duk a lokaci ɗaya, sai da na ci bashi.

In kuma zuciyarka ta riga ta kwanta da motar, don Allah kar ka biya ko riyal ɗaya sai ka kai ta fahas, wato binciken kwamfuta, a wajen da kai ka zaɓa, ba inda mai ita ya nuna ba. Ka tambaya jiƙaƙƙiya ce ko busasshiya, in jiƙaƙƙiya ce a nuna maka takardar canjin mai, irin ta Volkswagen mai giya 6 duk kilomita 60,000 ake canzawa. Kar ka gwada ta da sanyin safiya a titi miƙaƙƙe, ka shiga da ita unguwar Misfala bayan azahar, ka hau tudun unguwa ka tsaya ka tashi. In ka saya, a cunkoso ka bar tazara ta buɗe sannan ka tafi gaba ɗaya, kar ka riƙa jan ta da rabin birki, a tudu kuma birkin hannu, ba totur ba. Af, kuma kar wani ya ruɗe ka da CVT, wannan daban ce, ita bel gare ta.

Ni dai na sayar da tawa da asara, kuma na gaya wa wanda ya saya komai a gaban shaidu. Yanzu tsohuwar Camry nake ja, otomatik ta da, kowane makanike a Makka ya san cikinta. Hajiya ta koma gida ba ta ga Ɗa'if ba, ina roƙon Allah Ya sake kawo ta in kai ta. Ka turo mana shekarar motar da kilomitar da ta yi kafin ka je wajen mai ita.