Amsa ga ɗan'uwan da ke son karanta hidimar ikilisiya a jami'a

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka, cewa kana son shiga jami'a ka karanta hidimar ikilisiya amma dattawa sun ce kiran Allah kaɗai ya ishe ka, sai na ji kamar labarina kake bayarwa, domin ni ma da wannan magana aka tare ni.

Na tafi duk da haka, kuma ban yi da-na-sani ba. A can na fara karanta Sabon Alkawari da Helenanci, na ɗan taɓa Ibrananci, na koyi fassara nassi da shirya wa'azi. Tarihin ikilisiya ne ya fi yi mini amfani, domin ranar da wani matashi ya zo yana koyar da cewa Almasihu halitta ne, nan take na gane tsohuwar koyarwar wani malami mai suna Ariyus ce, wadda taron shugabannin ikilisiya a birnin Nikiya ya ƙi tun shekara ta 325, shi ya sa hankalina bai tashi ba.

Sai dai abin da ya same ni bayan na dawo, har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. Dattijon da ya sa hannu a takardar shaidar halina lokacin tafiya, shi ne ya miƙe a taron dattawa ya ce na dawo da girman kai, don kawai na bayyana ma'anar kalma ɗaya ta Helenanci a cikin wa'azi. Wata tara ban hau mumbari ba. Ina zaune a bencin baya kowace Lahadi, shi kuwa yana gaishe ni da "mai digiri" a gaban yaran da na koyar, matata tana komawa gida da hawaye, kuma babu wanda ya kira ni ya ji ta bakina. Na yafe masa, amma har ya rasu bai taɓa tayar da maganar ba. Dole in yarda cewa ni ma ina da laifi, domin shekara huɗu ban ziyarci mara lafiya ko ɗaya daga cikinsu ba, sai ga ni na dawo ina yi musu gyara.

Saboda haka kada ka yanke hulɗa da ikilisiyarka lokacin karatu. Ka karanta 1 Timoti 3:1-7 a tsanake, za ka ga iya koyarwa sharaɗi ɗaya ne kawai, yawancin sauran hali ne da riƙon gida. Su kuma dattawan, ka tuna musu cikin ladabi cewa Manzo Bulus ya yi karatu a gaban Gamaliyel, babban malamin Attaura. Kada ka raina darasin ba da shawara da na lissafin kuɗi. Gunaguni na farko a Ayyukan Manzanni sura 6 a kan rabon abincin gwauraye ya tashi, kuma irinsa za ka fi fama da shi.

Kafin ka cika fom, ka tambayi shugabannin ɗarikarku ko suna karɓar digirin wannan jami'a wajen naɗin fasto, ko kuwa sai ka ƙara da makarantar tauhidinsu. Ni ban tambaya ba, sai da na sake shekara guda a aji. Ka nemi amsar a rubuce, ka kuma sanar da mu abin da suka ce.