Zan je Guangzhou: ina zan sami abincin da babu man kamfani a ciki?

Tambaya: Likita, ni ɗan kasuwa ne, zan je saro kaya Guangzhou ta ƙasar Sin, masaukina a unguwar Xiaobei. Ina da hawan jini, kuma ana ta yaɗawa a WhatsApp cewa man da kamfani ke matsowa daga ƙwaya yana tacewa, irin su man waken soya da man kanola, guba ne. Hankalina ya tashi. Akwai gidajen abincin da ba sa girki da su?

Amsa: Alhaji, ka kwantar da hankalinka. Gidan abincin da ya daina girki da waɗannan mayuka gaba ɗaya da wuya ka same shi a Xiaobei, domin man waken soya da man kanola su ne ke riƙe da girkin ƙasar Sin, mutanen Guangdong, lardin da Guangzhou take ciki, kuma sun fi son man gyaɗa. Abin da ke hannunka shi ne zaɓen yadda aka dafa abincin.

Fara da allon ƙofa. Inda ka ga 清真, wurin Musulmi ne, kuma suna da yawa tsakanin tashar jirgin ƙasa ta Xiaobei da unguwar Dengfeng. A shagon taliyar Lanzhou romon naman sa ne, man yana cikin jan yajin da ake zubawa a kai, sai ka ce a bar shi. Wajen 'yan Xinjiang, yankin yammacin Sin mai yawan Musulmi, ka ɗauki tsiren rago da gurasar tanderu. Kifin turare da ganyen da aka tsoma a tafasasshen ruwa ma sun yi, amma ana kwarara musu mai mai zafi a ƙarshe, don haka ka ce "shao you", wato a rage mai. Soyayyen abu na bakin titi, musamman idan man kaskon ya yi baƙi yana kumfa, ka wuce shi.

Yanzu ga abin da ke ƙona mini rai. Kullum sai wani ya zo da wannan saƙon na WhatsApp, ya daina man kwalba ya koma "na gargajiya". A Guangzhou wannan shawarar tana iya cutar da kai ta hanya biyu. Idan ka shiga gidan abincin da ba na Musulmi ba ka ce ba ka son man tsirrai, man gargajiyarsu shi ne "zhu you", kitsen alade, kuma mai girki zai zuba maka da kyakkyawar niyya. An gudu ba a tsira ba.

Ta biyun ta fi muni: man gyaɗar da ake matsewa a ƙananan shaguna ana sayarwa a jarka ba tambari, ana yabonsa wai ba a sa masa sinadari ba. Gyaɗar da ta yi fumfuna a yanayi mai zafi da laima irin na kudancin Sin tana ɗauke da aflatoksin, gubar da ke jawo sankarar hanta, kuma haɗarin yana ninkuwa ga mai ciwon hanta nau'in B. Zafin girki ba ya kashe ta. Tacewar kamfani, wadda masu saƙon ke zagi, ita ce ke cire mafi yawanta. Kuma ai man gyaɗa da man riɗi da iyayenmu suka ci su ma daga ƙwaya aka matso su. Masu binciken zuciya sun daɗe da nuna cewa maye gurbin kitsen dabba da man tsirrai yana rage mummunan kwalastaral a jini. Mai turo saƙon bai taɓa duba maras lafiya ba, galibi ma akwai kwalbar da yake son sayar maka.

Matsalar gaske a Sin ita ce mai da aka maimaita suya da shi, da gurɓataccen mai irin wanda hukumomi suka yi ta kama masu haɗa shi a 2011, sai kuma yawan man da ake ci. Ƙa'idar abinci ta ƙasar ta ce giram 25 zuwa 30 a rana, kusan cokali biyu na cin abinci, faranti ɗaya na soyayyiyar shinkafa kuma zai iya cinye kaso mai yawa daga ciki.

Kai da ke da hawan jini, gishiri ya fi mai zama abin tsoro. Romon taliya da baƙin ruwan waken soya cike suke da shi. Ci taliyar, bar romon a kwano, ka ce "shao yan" a rage gishiri, kuma ka tafi da maganinka wanda zai ishe ka har ka dawo.