Babur mai tu-sitirok yana shaƙewa a Jos: a canja jet?

Ka ce Yamaha DT ɗinka lafiya lau yake a Katsina, amma da ka hau Jos sai ya riƙa sarƙewa, fulogi ya yi baƙi. Malam, iska ce ta yi masa kaɗan. Katsina tana wajen mita 500 daga teku, Jos kuwa mita 1,200, can iska ba ta da kauri, sai fetur ya rinjaye ta.

Fara wanke matatar iska, ƙurar hunturu kaɗai tana jawo haka. Sannan ka sassauta sukurun iska na kafireto kwatan zagaye. In a rabin totur yake sarƙewa, ɗaga kilif ɗin allurar kafireto gurbi ɗaya sama, allurar ta sauka. Babban jet kuwa, wato ɗan bututun da fetur ke bi a cikin kafireto, lamba ɗaya za ka rage, kada ka zarce, don sanyin Jos yana ɗan maido wa iskar kauri.

Sa sabon fulogi, ka buɗe totur a giya ta huɗu, ka kashe injin nan take, ka duba bakin fulogin. Kalar shayi da madara ake so. In ya yi fari fat, fetur ya yi kaɗan, zafi zai kama fistin.

Kafin ka gangaro Katsina, mayar da tsohon jet ɗinka.