Tambaya da Amsa: Wa Ke Nuna wa Sabon Rukuni Mazauni a Zoben Benzin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce daga wani ƙauye kusa da Ringim, ina karantar ilimin sinadarai. An koya mana cewa NH₂ na tura sabon rukuni zuwa otho (mazaunin da ke dab da shi a zoben) da para (wanda ke fuskantarsa), sai kuma na ga an ce anilin (benzin mai ɗauke da NH₂) kan ba da meta (mazaunin da ke tsakanin otho da para) kusan rabi idan ana sa masa NO₂. Wanne zan kama?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Kama duka biyun, babu wanda ya yi miki ƙarya.

Rukunin da ya riga zama a zoben benzin (zobe ne na kabon shida) shi ne maigida, shi ke nuna wa baƙo shimfiɗa. Masu zuba wa zoben ilektiron, irin su OH da NH₂ da CH₃, suna hanzarta aiki, kuma suna kai baƙo otho da para. Tolwin (benzin mai ɗauke da CH₃) ya fi benzin saurin karɓar NO₂ kusan sau 25, kuma meta ɗinsa bai wuce kashi 4 cikin 100 ba. Fenol (benzin mai ɗauke da OH) kuwa ko ruwan buromin aka ɗiga masa, nan take farin gari zai kwanta, buromin uku sun hau. Masu janye ilektiron, kamar NO₂ da COOH, suna kashe wa zoben jiki: benzin na karɓar NO₂ a zafin digiri 50 zuwa 55, amma nitirobenzin (benzin da ya riga ya ɗauki NO₂ ɗaya) sai an kai wajen 100, kuma kusan kashi 93 meta ne. Kulorin ya fita daban, yana rage sauri amma yana kaiwa otho da para.

To, ga inda anilin ke rikita ɗalibai. Ana sa NO₂ ne da gaurayen HNO₃ da H₂SO₄ masu ƙarfi. Da zarar anilin ya faɗa ciki, NH₂ ya ɗauki H⁺ ya koma NH₃⁺. Ilektiron biyun da naitirojin ke ba zoben sun tafi ke nan, mai bayarwa ya zama mai janyewa. Shi ya sa meta ke kai kusan kashi 47. Ga kuma asidin na ƙona wani sashe ya zama baƙin danƙo.

Maganinsa a fara rufe NH₂ da (CH₃CO)₂O, a samu asetanilid. A sa masa NO₂ cikin sanyi, kwalba na zaune a ƙanƙara, ƙasa da digiri 10. Girman murfin na tare otho, don haka para ke rinjaye. Daga nan a dafa da ruwan asid a cire murfin.

Abin da ya fi kayar da ɗalibai a jarrabawa, a ganina, shi ne jerin matakai. Daga tolwin, in kina son NO₂ a para da COOH, sa NO₂ tukuna, ki ware para, sannan KMnO₄ ya mai da CH₃ zuwa COOH. In kika fara da KMnO₄, meta za ki samu.