Ku Tambayi Anti: kyandir, kalanda da ɗinkin Kirsimeti

Wata uwa daga Jos ta rubuto min: "Anti, a cocinmu ana kunna kyandirori 4 na makonnin jiran Kirsimeti, ina so muyi a gida bana. Na ga zoben ganyen da ake kafa kyandirorin a kai a intanet amma kuɗin kawowa ya kusa kai kuɗin kayan, in saya ne?"

Toh 'yar'uwa, ni dai kar ki saya. Kinga wannan zoben daga Jamus ya fito, wani fasto ne mai suna Johann Hinrich Wichern ya fara shi a 1839 a Hamburg, a gidan da yake riƙon yaran talakawa, yaran sun dame shi da tambayar yaushe Kirsimeti zata zo, sai ya ɗauko tsohuwar ƙafar keken doki ya jera kyandirori a kai, ƙanana jajaye na ranakun mako, manya farare 4 na Lahadi. Da abinda ke tsakar gidansa yayi, ke ma haka zakiyi. Ki samu babban faranti na ƙarfe ki zuba yashi, ki kafa kyandirorin a ciki su tsaya da kyau, ki zagaye da ganye, na mangwaro ma yayi. Kuɗinki ki sa a kyandir mai kauri, don siraran nan na ɗauke wuta basa kai mako biyu, kuma tunda duk Lahadi ake ƙara kunna ɗaya, na farkon sai ya yi Lahadi huɗu yana ci. Katolika da yawancin Angilikan suna sa shunayya 3, ruwan hoda 1 na Lahadi ta uku wato ta murna, sai fari a tsakiya na ranar Kirsimeti. In baki samu kalar ba ki sayi farare ki ɗaura musu ƙyalle daga can ƙasa. Ana farawa Lahadi ta huɗu kafin Kirsimeti, kullum tana faɗowa tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba.

Amma don Allah ki kula da hunturu. Ganye kwana uku ya bushe ƙayau, ga iska ga labule ga yara, ni na taɓa ganin labulen falo ya kama cikin ƙiftawar ido a gidan maƙwabta. Ki canza ganyen da zarar ya fara bushewa, kuma babba ne zai kashe kyandirorin kafin kowa ya tashi daga wurin.

Sai wani baba daga Kafanchan: "Yarana 4 sun ga kalandar nan mai ƙofofi 24 da cakulan a ciki a wani babban shago, sun hana ni sakat."

Baba, sannu da haƙuri. Ita ma daga Jamus ta fito, kuma an yi ta ne yaro ɗaya kalanda ɗaya, cakulan guda a kowace ƙofa, kaga in ka sayi ɗaya tal rigima ka sayo duk safiya, in kuma 4 zaka saya toh kuɗin shinkafa ya tafi. Ga zafin rana ma, kafin tsakiyar wata ya narke ya manne a takarda. Ka tara kwalin ashana 24 ko ka sayi ambulan, yaran su rubuta lamba 1 zuwa 24 da hannunsu, a rataye a igiya, kowanne a sa alewa 4 da 'yar takarda mai aya. Ishaya 7:14, Ishaya 9:6, Mika 5:2, duk annabcin haihuwar ne. Abinda na fi so kuma, Bisharar Luka surori 24 ne cif, in kun fara 1 ga Disamba sura ɗaya duk dare bayan tuwo, daren jajibere kuna gamawa. Ka bar manyan su karanta bi da bi, autan shi ne mai buɗe kwalin, zakaga yadda zai riƙa janyo ka da rigar ka in ka yi latti.

Tambaya ta ƙarshe daga wata 'yar Zumuntar Mata a Zariya: ɗinki ko kayan kanti, sannan watanda ko kaji?

Mama, in ɗinki ne ki kai wa tela kafin Nuwamba ta ƙare, ki biya rabi ki riƙe rabi sai kin karɓi kaya. In an shiga Disamba baki kai ba toh ki haƙura ki sayi na kanti, ki ƙara wa yara lamba ɗaya a girma don su kai Ista da shi. Nama kuwa, gidan da ke da mutum 8 zuwa sama kuma ana rabawa maƙwabta shinkafa ranar, watanda ta fi rufin asiri, sai dai ki shiga da mutanen da kika sani kuma a tsayar da kuɗin kaso tun kafin a sayi sa. In ku kaɗan ne ki sayi kaji biyu yanzun nan ki riƙa basu dusa, a makon Kirsimeti kuɗinsu tashi yake.