Me ya sa hoton dare yake fitowa da ɗige-ɗige?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A kyamarar wayata, a sashen Pro, akwai ISO mai lambobi daga 100 zuwa 3200. Na kai shi ƙarshe a wajen walima da daddare, hoton ya yi haske amma fuskoki duk sun yi ɗige-ɗige. Wayar ce ta lalace? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Wayarka lafiyarta ƙalau, ɗan'uwa.

Wannan lamba ta ISO gadon zamanin fim ce, tana nuna saurin kama haske. A da, mai hoto kan duba kwalin fim kafin ya saya, ya ga 100, 200 ko 400. An shafe fim ɗin da ƙananan ƙwayoyin sinadarin azurfa. Mai manyan ƙwayoyi ya fi saurin kama haske, shi ya sa ake zaɓar 400, irin Kodak Tri-X, don wuri mai duhu, amma idan aka wanke hoton aka faɗaɗa shi sai ƙwayoyin su bayyana. Amurka tana da ma'auninta, ASA, Jamus tana da DIN, sai aka haɗe su a 1974 ya zama ISO. Lissafin bai canza ba: duk ninki ɗaya na lambar, rabin haske ake bukata.

Waya kuwa ba ta da fim. Idan ka ɗaga ISO, ba haske ka ƙara ba, ɗan abin da kyamarar ta samu ne ake kumburawa. Kamar rediyo ne da tasha ba ta kama sosai ba: kana ƙara murya, shuuu ɗin yana ƙaruwa. Tun da idon kyamarar waya ƙarami ne ƙwarai, abin ya fi muni a kanta.

Da rana, bar shi a 100. A ɗaki, 400 zuwa 800 ya isa. Da dare, nemi haske tukuna: juya mutanen su fuskanci fitila, kada ta kasance a bayansu. Idan wayarka tana da tsarin ɗaukar dare, na fi son ka yi amfani da shi, don yana ɗaukar hotuna da yawa a jere ya haɗe su, ɗige-ɗigen su ragu. Sai dai ka jingina hannunka da bango, su ma su tsaya cak na 'yan daƙiƙai. Inda ake kai-komo kuwa, kamar yara suna guje-guje, ɗaga ISO ɗin, don ɗige-ɗige ana iya rage shi da manhaja, amma fuskar da ta shafe saboda motsi da wuya ta gyaru.