Shekara 5 ta ƙwarewa ga wanda ya gama jami'a bara

Salamu alaikum 'yan gida, barkanku da dare. Ku yi haƙuri da hayaniyar, ina cikin taksi ne daga Harobanda, gada ta cushe, shi ya sa na yi murya.

Ƙanena, na ji saƙonka. Ka ce ka ga sanarwa ana neman ƙaramin mai haɗa manhaja, amma an rubuta sai wanda ya shekara 5 yana aiki da Flutter, wato kayan aikin haɗa manhajar waya, kai kuwa bara ka gama jami'ar Tawa. Ka aika dosiye ko ka haƙura? Aika, tun gobe da safe.

Flutter ɗin nan sai Disamba 2018 cikakken fitowarsa ta farko. Wanda ya shekara 5 a kansa a Yamai ai ba ƙarami ba ne, kuma ba zai zo ya zauna kan albashin da da kaɗan ya ɗara SMIG, wato mafi ƙarancin albashi a doka, jika 42, ba. Masu sanarwar ma sun sani. Ko a waje haka abin yake. Sebastián Ramírez, wanda ya ƙirƙiro FastAPI, wani kayan aikin masu haɗa manhaja, a 2020 ya ce ya ga ana neman mai shekara 4 da FastAPI, shi kuwa bai cancanta ba, don shekara ɗaya da rabi ke nan da ya ƙirƙire shi. Mai abu da abinsa fa!

Ni kaina na taɓa zuwa ganawa a wani biro can Plateau. Na sha guga, na yi awa biyu a kan benci. Mushen da ya karɓe ni takarda ce a hannunsa yana bi layi-layi da alƙalami. Ya ce, "Java nake nema, kai ka rubuta JavaScript, to ai duk ɗaya ne ko?" Alhali harsunan rubuta manhaja ne biyu daban-daban. Na ce, ranka ya daɗe, kamar Nijar da Najeriya ne, suna ya yi kama amma fasfo daban. Bai yi dariya ba. Ya juya shafi, ashe aikin har da gyaran na'urar buga takardu, da kyamarorin gadi, da kula da shafinsu na Facebook. Mutum huɗu a wando ɗaya. Har yau ina jiran kiran da ya ce zai yi ran Litinin.

Ban ma ga laifinsa sosai ba. Bai san kod ba, wato rubuta manhaja, sanarwar daga intanet aka kwafo ta, ta wani kamfanin Faransa, kuma in dosiye suka taru a gabansa, shekaru ne kaɗai abin da ya iya ƙirgawa. To ba shi abin ƙirga. Sitaj ɗinka na wata shida, rubuta. Manhajar da ka yi wa shagon maganin kawunka, wadda ke lissafin kaya ko ba rezo, wannan ita ce babba, sa ta a sama, ka ɗora ta a GitHub, shafin intanet da masu kod ke ajiye aikinsu. Ranar ganawa ka je da ita cikin wayarka, ka miƙa musu su latsa da hannunsu.

Amma kar ka ƙara wa kanka shekara ko ɗaya. In aka haɗa ka da wanda ya san aikin, tambaya biyu ta isa asiri ya tonu, kuma garin nan ƙarami ne, duk fada ɗaya muke shan shayi.

Sai abu guda: in sun ce ka biya kuɗin dosiye, ko su ba ka "gwaji" na gina musu manhaja sukutum cikin sati biyu kyauta, ka ce Allah ya ba da sa'a, ka kama gabanka.

Turo min CV ɗin ta gefe, in na yi isha'i zan duba. Direba, nan zan sauka, gaban masallacin.